Littafin Awo

Sau biyu na ta da Tanimu tsakar dare.
Sau biyu ya fito da kekensa daga lungunmu na Tudun Jukun,
jaka a cinyata, zannuwa uku, filas, audugar mata,
muka wuce Ƙofar Doka ba kowa a titi
sai mai shayi yana kife kofuna.

Sau biyu Sista Rifkatu ta ɗora tafinta a cikina,
ta dubi agogon da ke maƙale a ƙirjinta,
ta ce, "Baraka, koma gida.
Ke ba tela ba ce?
Ba kya fara taka keke a kan ƙyallen banza
kafin ki sa shaddar mutane?
To, mahaifa ce ke gwada zarenta."

Kunya ta hana ni kallon maigadi a ƙofa.
Tanimu bai ce uffan ba,
amma na ji shi yana lissafin mai da yatsu.

Da safe na ɗauko littafin awona.
Nan kafaɗar Hajiya Ladidi, sha shida,
nan ƙugun amaryar Gyallesu,
a gefe na fara rubuta nawa:
tara da minti goma, ciki ya ɗaure kamar ƙwarya.
Tara da rabi.
Sai shiru har azahar.

Na gane halinsa a hankali.
Nan gaba yake tsayawa, ba ya zagayawa baya.
In na sha ruwa kofi biyu, ya sassauta.
In na kwanta gefen hagu, ya manta da ni.
In na taka zuwa rijiya na dawo
sai in neme shi in rasa.
Baƙo ne marar alkawari,
hadarin da ke haɗuwa a kan Kufena
ya sa mata kwashe shanya,
sannan iska ta watsa shi.

Sista ta ce amma in ga jini, ko faya ta fashe,
ko ɗan ya daina shurina,
kada in tsaya neman biro.
Wannan ma na rubuta, na ja masa layi biyu.

Daren Laraba, ina kafa maɓallin ƙarshe
a rigar makarantar ɗan maƙwabta,
wani abu ya kama ni daga gadon baya,
ya zagayo mara kamar ɗamara,
ya ja.
Na rubuta: goma daidai.
Goma da minti goma ya dawo.
Da minti ashirin, ya dawo.
Na sha ruwa, bai san ruwa ba.
Na juya hagu, ya biyo ni hagu.
Na taka tsakar gida, bango ya zama abokina.

Minti bakwai.
Bakwai.
Biyar.
Rubutuna ya fara karkacewa,
na soma kiran sunan Tanimu
ban iya kai shi ƙarshe ba.

Ya fito yana murza ido.
"Kin tabbata kuwa wannan karon?"
Ban amsa ba. Na miƙa masa littafin.
Ya haska fitilar waya,
ya bi lambobin suna matsowa kusa da juna
kamar ɗinkin da aka ƙara wa gudu,
ya fita ba hula, takalmi wari da wari.

Mai shayin Ƙofar Doka yana nan.
Wannan karon ni ban gan shi ba, Tanimu ne ya faɗa mini.

Sista Rifkatu ta duba, ta ɗago kai,
ta ce, "Yau kam shaddar ce. Cire ɗankunne."

Littafin yana nan a kan keken ɗinkina.
Ƙarƙashin minti biyar na ƙarshe
akwai rubutun da ba nawa ba,
babba, a karkace, biro ya huda takarda:
mace, bayan asuba, kilo uku.